Yadda Ake Warware Lissafin Farashi Da Ninkin Lambobi

Ga irin tambayar da ake yi wa 'yan firamare: wani mai lemu yana sayar da guda 4 a kan naira 600, wani kuma guda 6 a kan naira 840. Wa ya fi araha?

1. A sa yaro ya ja layi a tsakiyar takarda, yawan lemu a hagu, kuɗi a dama.

2. Ya jero ninkin 4: 4, 8, 12, 16. Sai ninkin 6: 6, 12. Inda suka fara haɗuwa shi ne 12. In ya ɗauki 24 ma ba laifi, lissafin ne kawai zai yi nauyi.

3. Nan aikin yake. Kashi nawa za a saya kafin lemu ya cika 12? Wurin na farko kashi 3, wato 600 sau 3, naira 1,800. Wurin na biyu kashi 2, 840 sau 2, naira 1,680. Yara da yawa sukan buga 600 sau 12 su samu 7,200, don sun manta kuɗin kashi ne, ba na lemu ɗaya ba. In haka ta faru, a kasa masa duwatsu huɗu-huɗu ya ƙirga da hannunsa.

4. Ya debe ƙarami daga babba: na biyu ya fi araha da naira 120 a kowane dozin.

In tambayar ta ce an kashe kuɗi daidai kan biro na naira 60 da fensir na naira 40, to farashin ake ninkawa. Za su haɗu a 120: biro 2, fensir 3.