Yadda ake shirya kallon King Creole da bayanin Hausa a gidan kallo a Legas

Gidajen kallonmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 sun saba da ƙwallo da fassarar fina-finan Indiya, kuma kayan da ke cikinsu an saita su ne don haka: hoto mai kala sosai da lasifika mai duka. Tsohon fim baƙi da fari ba ya jure wannan saitin. King Creole, wanda kamfanin Paramount ya fitar a 1958, ya cancanci a ba shi dare guda a yi masa shiri na musamman, domin labarinsa na yaron talaka ne da murya ta ɗaga shi, 'yan daba kuma suka riƙe masa ƙafa. Duk wanda ya zauna a Legas ya san irin wannan yaro.

Kafin a taɓa waya ko majigi, mai bayani ya san fim ɗin ciki da bai. Mawaƙin Amurka Elvis Presley ne ya fito a matsayin Danny Fisher, yana ɗan shekara 23, kuma sai da hukumar soja ta ɗaga masa ƙafa na kwana 60 kafin ya kammala ɗauka ya shiga soja a watan Maris na shekarar. Michael Curtiz ne ya ba da umarni. An ɗauko labarin daga littafin Harold Robbins na 1952, inda jarumin ɗan dambe ne a New York, aka mai da shi mawaƙi a New Orleans. Danny ya kasa kammala sakandare, uwarsa ta rasu, ubansa ya rasa kantin maganinsa ya koma yaron wani. Maxie Fields, wanda Walter Matthau ya fito a matsayinsa, shi ke riƙe da gidajen rawan unguwar in ban da guda ɗaya, na Charlie LeGrand, wato King Creole. Akwai Ronnie, matar da Maxie ya ajiye, da Nellie mai aiki a kanti, da Shark shugaban yaran lungu. Sunaye shida ke nan har da Danny. A rubuta su a takarda da manyan baƙaƙe, a gabatar da su ga jama'a cikin minti biyar kafin a kunna, kada a wuce haka.

Mai bayani ya kalli fim ɗin aƙalla sau biyu shi kaɗai. A karo na biyu ya riƙe biro yana rubuta mintin da kowace waƙa ke farawa da inda take ƙarewa. Wannan takarda ita ce ginshiƙin daren, ga kuma dalili. A fassarar da aka saba, mai magana ba ya shiru. Ko ana waƙa sai ya cusa barkwanci. A nan hakan kashe fim ne, saboda waƙoƙin su ne gaɓoɓin labarin. Lokacin da Maxie ya tilasta wa Danny ya hau dandamali ya tabbatar ya iya waƙa, abin da ya rera amsa ce ga Maxie a gaban mutanensa, kuma a nan Charlie ya ji shi ya ɗauke shi aiki. Lokacin da yake rera waƙa mai taushi a cikin kanti, ɗauke hankalin masu saye yake yi yaran Shark na kwasar kaya a bayansu. In mai bayani yana surutu a kan waɗannan wurare, jama'a ba za su ji fushin da ke cikin ta farko ba, ba za su kuma lura da hannayen da ke aiki a ta biyu ba. Ƙa'idar ita ce: daƙiƙa goma kafin waƙa ta fara, a faɗi abin da take nufi cikin jimla biyu, sannan a kashe makirfo gaba ɗaya har ta ƙare. A kashe a jikinsa, ba a kawar da baki kawai ba, don numfashi da tari suna fita.

A wuraren hira ma ba kowace kalma ake juyawa ba. Turancin 'yan dabar fim ɗin gajere ne mai habaici, kuma Matthau yana yin rabin barazanarsa da fuska. A bari jarumi ya gama jimlarsa, a ba da ma'anarta a taƙaice cikin ɗan shirun da ke biyo baya. Inda ya fi buƙatar natsuwa shi ne tsakiyar fim, lokacin da aka shirya yi wa mai kantin da uban Danny ke aiki fashi, sai ya zama uban ne ya ɗauko kuɗin a daren, aka ji masa mummunan rauni. Maxie ya biya kuɗin aikin likita, daga baya ya mai da wannan alheri igiyar da zai ja Danny da ita. Wanda bai gane wannan ƙulli ba ba zai gane sauran fim ɗin ba, don haka a nan mai bayani ya yi magana dalla-dalla, ko da zai maimaita. Ƙarshen kuwa kada a fallasa shi tun da wuri.

Sauti ne kan gaba a kuɗin da za a kashe. Fim ɗin da layin sauti ɗaya aka naɗe shi. In aka haɗa shi da na'urar gida mai lasifika biyar, sau da yawa komai sai ya taru a ƙaramar lasifikar tsakiya, manyan su yi tsit, mai gida ya ɗauka kayansa sun lalace. Maganin shi ne a shiga saitin na'urar faifan a zaɓi fitar da sauti ta layi biyu, hagu da dama. Daga nan a kai shi ƙaramar mikisa, wato na'urar haɗa sauti, mai layi huɗu: biyu na fim, ɗaya na makirfo. Lasifika biyu masu inci 12 sun ishi ɗaki ko rumfar mutum 60 zuwa 80. A ɗora su sama da kawunan masu zama, ɗaya a kowane gefen allo, ba a ƙasa ba, domin jikin mutanen sahun gaba yana shanye sautin. A rage dukan ƙasa da aka saba ƙurewa don ƙwallo, a ɗan ɗaga na tsakiya, nan ne muryar mutum da ƙahonin makaɗan New Orleans suke zaune.

Mutum guda ya zauna kan mikisa, aikinsa ke nan har a tashi: mai bayani ya buɗe baki, ya sauke sautin fim zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, ya rufe baki, ya mayar. Kada a sauke shi ƙurmus, don jama'a su ci gaba da jin muryar jarumin a ƙasa. Kukan lasifika yana zuwa ne idan makirfo yana fuskantarta, saboda haka mai bayani ya zauna gefe, inda lasifika ba ta kallonsa. Gurnanin da ake ji ƙasa-ƙasa kuwa yawanci daga jona majigi da mikisa a soket daban-daban yake. A tara su kan layin wuta ɗaya. Kuma a yi amfani da waya, ba Bluetooth ba. Jinkirin da yake kawowa ba ya kai rabin daƙiƙa, amma a fim ɗin waƙa leɓe ya riga murya abu ne da ido ba ya yafewa.

Wajen sayen faifai a kasuwar Alaba ko oda daga waje, a duba shiyya, wato yankin duniyar da aka kulle faifan ya yi aiki a na'urorinsa. DVD na Amurka shiyya ta 1 ne, Nijeriya tana ta 5. Blu-ray na Amurka A ne, namu B. Na'urar da ba a buɗe ba za ta ƙi karɓa. Akwai kuma wani abu da masu kunne ke kamawa: an ɗauki fim a hoto 24 cikin daƙiƙa, DVD na tsarin Turai kuwa yana gudu a 25, sai minti 116 na fim ɗin su koma kusan 111, murya kuma ta ɗan siranta. Ga mai kallon ƙwallo ba komai ba ne, ga muryar Elvis asara ce. In da hali a nemi Blu-ray. Kwafin da aka matse don wayar hannu kada ma a kawo shi, domin duk wuraren dare za su zama dunƙulen baƙi mai murabba'ai, kuma mafi kyawun fim ɗin a lungunan dare yake.

Majigi mai hasken lumen 3,000 ya isa in wurin ya yi duhu. Allo mai faɗin mita 3 yana son tsawon mita 1.7, majigin kuma a ajiye shi wajen mita 4.5 daga allo, gwargwadon gilashinsa. Farin yadi mai kauri daga kasuwar Balogun yana aiki, amma a ninka shi biyu ko a sa baƙin tamfol a bayansa, in ba haka ba haske ya ratsa ya tafi. A ja shi ya miƙe ta kusurwa huɗu da tsakiya. Iskar damina tana kaɗa yadi, fuskoki su riƙa lanƙwashewa. Za a ga siririn baƙin layi sama da ƙasan hoton. Haka fim ɗin yake, kada a ja shi don ya cika allo.

Saitin hoto: a fita daga yanayin wasanni a koma yanayin silima, a kashe abin da ke santsar da motsi, a kashe ƙarin kaifi. Sai a tsayar da fim a wani wurin dare, a rage haske har baƙi ya zama baƙi, a sake ɗagawa kaɗan-kaɗan har a fara ganin bulon bango da ninkin rigar wanda ke cikin inuwa. Nan ake tsayawa. In fari yana ɗaukar shuɗi ko kore, a mayar da zafin launi zuwa matsakaici. Ƙwan fitila ɗaya da aka bari a kunne kusa da allo ya isa ya wanke duk wannan wahala. A bar ƙaramar fitila a bakin ƙofa kawai, a ƙasa.

Batun wuta a ɗauka za a ɗauke ta. Majigi, mikisa, lasifika da fanka huɗu ba su fi ƙarfin janareta mai kVA 2.5 ba. A fara a kansa tun farko maimakon a sauya ana tsakiyar kallo, a tanadi lita 5 na mai, a ajiye shi a fili aƙalla mita 15 daga jama'a, bakin hayaƙinsa yana kallon waje. Hayaƙin janareta a rufaffen wuri kisa yake yi. Majigin a sa masa UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, domin ƙwansa yana buƙatar fankar ciki ta sanyaya shi bayan an kashe. Yankewar wuta farat ɗaya tana rage masa kwana.

Rana tana faɗuwa a Legas wajen shida da rabi zuwa bakwai duk shekara, don haka takwas da rabi, bayan an idar da Isha'i, shi ne lokacin. Da gabatarwa da komai za a tashi kafin sha ɗaya saura kwata. A fili, watannin Nuwamba zuwa Fabrairu sun fi aminci; Yuni sai da rufi. A sanar da maƙwabta da shugabannin unguwa, a kuma tuna hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, tana rufe wurare kan hayaniyar dare, saboda haka lasifika su fuskanci masu kallo, ba tagogin mutane ba. In za a karɓi kuɗin ƙofa, a fara tuntuɓar hukumar tace fina-finai ta ƙasa da ta kare haƙƙin mallaka kan izinin nunawa. Faifan da aka saya don kallon gida bai ba da wannan izini ba, waƙoƙin ciki ma da masu haƙƙinsu.

A faɗa wa mutane gaskiyar abin da za su gani tun a sanarwa. Akwai gidan rawa da giya da taba, akwai rawar mace a dandamali, akwai faɗan wuƙa da harbi. Ba na ƙananan yara ba ne, kuma gara dattijo ya sani tun a gida da ya tashi a fusace ana tsakiyar kallo. In mata za su zo, a ware musu benci da hanyar fita tasu.

Bayan an tashi, a bar majigi a jone har fankarsa ta yi shiru da kanta, sannan a zare. A goge gilashinsa da ƙyalle mai laushi, a sa shi cikin jaka da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima, domin damshin Legas yana tsirar da fumfuna a cikin gilashi, kuma in ta kama ba ta goguwa daga waje. Yadin a naɗe shi a jikin sanda, kada a ninke.