Bayan an dawo daga Kware: yadda ake riƙon maganin mai taɓin hankali a gida

Ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aikin yini ɗaya ne ko kwanciyar 'yan makonni. Sauran jinyar a tsakar gida ake yin ta, kuma babban abin da ke tayar da ciwon bayan ya lafa shi ne barin shan magani.

Tun kafin ku baro asibiti, ku sa nas ko mai ba da magani ya rubuta sunan kowace ƙwaya, miligiram nawa ce, da lokacin shanta. Kada ku riƙe ta da launi, wai "farar nan" ko "'yar ƙaramar", domin kamfanoni suna canza kamanni. Sannan a ɗora wa mutum ɗaya alhakin maganin, uwa ko miji ko yaya. Shi zai kulle shi, shi zai bayar, ya tsaya har a haɗiye, ya sa alama a kalanda. In hannu ya yi yawa, wata rana a ba da sau biyu, wata rana kowa ya ɗauka wani ya bayar. In an manta na jiya, a ci gaba da na yau kawai, ba a ninkawa.

Kullewar tana da dalili. Amitiriftilin, wanda ake yawan farawa da miligiram 25 da dare ga mai ciwon damuwa, yana iya tsayar da zuciya in an sha da yawa a lokaci guda. Artane kuwa, maganin da ake bayarwa don rage rawar jiki da sandarewa, matasa masu shaye-shaye suna farautarsa.

Maganin damuwa ba ya nuna aikinsa sai bayan mako 2 zuwa 4, wani lokaci har 6. Iyali da dama suna watsar da shi a kwana na goma, su ce bai karɓe shi ba. In sauƙi ya samu kuma, ana ci gaba da sha aƙalla wata 6. Wanda ya yi ciwon jin muryoyi da zargin ana bin sa, ko da karon farko ne, likitoci kan ce ya riƙe magani shekara 1 zuwa 2. Ragewa aikin likita ne, a hankali ake yi.

Abin da ya fi firgita mutanen gida yakan faru ne a kwanakin farko na shan Haldol ko Largactil, magungunan ciwon jin muryoyi: wuya ya karkace, idanu su kafe sama, harshe ya fito, muƙamuƙi ya riƙe. Nan take sai a ce aljanu ne suka tashi, a zubar da magani. Illar ƙwayar ce a kan tsokoki, ta fi kama samari, kuma allura ɗaya a asibiti tana sake jikin cikin mintuna. Rawar hannu, dalalar miyau, tafiya a sandare, ko kasa zama wuri ɗaya, duk daga wannan tushen suke. A faɗa wa likita, zai rage ƙwayar, ko ya canza ta, ko ya haɗa da Artane. Olanzafin, wani maganin jin muryoyin, nasa illolin daban ne, barci da cin abinci da ƙiba, don haka a riƙa hawa sikeli duk wata, a gwada sukarin jini. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da magani, a yi su tare. Duka da mari da turu ne ba su da gurbi, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kare haƙƙin majinyaci.

Zafin Sakkwato ma abin lura ne. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, waɗannan magunguna suna rage zufa, jiki ya kasa huce kansa. Majinyaci ya zauna a inuwa da tsakar rana, ruwa na kusa da shi. Mai shan litiyam, maganin daidaita hawa da saukar yanayin rai, shi ya fi shiga haɗari: in ruwan jiki ya ƙafe saboda zafi ko zawo, maganin yana taruwa a jini, sai amai da karkarwa da tangaɗi. Shi kansa maganin kada a ajiye shi a mota ko jikin taga. Kafin azumi a je a tambayi likita, sau da yawa yana iya mayar da sha zuwa sahur da buɗa-baki.

In majinyaci yana ɓoye ƙwaya a kunci yana tofarwa, a yi maganar allurar wata, irin Modecate, wadda ake yi duk mako 2 zuwa 4. Mace da ke iya ɗaukar ciki, in tana shan Epilim, maganin farfaɗiya da ake ba masu taɓin hankali ma, ta sanar da likita tun kafin cikin ya shiga, domin yana iya nakasa jariri.

Akwai alamun da ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da ruɗewa, a kai sashen gaggawa mafi kusa a ranar, domin yana iya zama mummunar illar magani, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Ƙuraje da gyambon baki ga mai shan Tegretol, shi ma maganin farfaɗiya ne da ake ba masu taɓin hankali, a dakatar a tafi asibiti. Wanda ya fara zancen mutuwa ko raba kayansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da igiya da wuƙaƙe, a tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Kwana biyu ko uku a jere ba barci kuwa, sau da yawa shi ne sallamar ciwon in zai dawo, sai a ɗauki kati da ragowar ƙwayoyin a koma wurin likita.