Yadda Ake Gano Asalin Kalmar Faransanci da ta Shiga Turanci

Duk mai sauraron labarai da Turanci ya sha jin coup d'état, ya kuma san juyin mulki ake nufi. Haddar ma'ana kaɗai ba ta gamsar da ni, don haka ga hanyar da nake bi in na ci karo da irin wannan kalma.

Fara da kunne, domin furuci shi ke tona shekarun kalma. A 1066 Wiliyam, mai mulkin yankin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara 300. Kalmomin da suka shigo a wancan zamani bakin Ingilishi ya lanƙwasa su har sun zama 'yan gida. Na baya-bayan nan kuwa suna nan da furucinsu na baƙunta. Dubi chief da chef. Uwarsu ɗaya, ma'anarta kai, wato shugaba. Ta farko tsohuwa ce, da sautin "c" ake fara ta. Ta biyu sai a ƙarni na 19 ta iso da sautinta na "sh", tana nufin shugaban masu girki.

Daga nan sai ka farfasa kalmar. Coup duka ne, état hukuma, ka ga an kai wa hukuma duka ke nan. Wadda ta fi burge ni ita ce curfew, dokar hana fita. Tushenta couvre-feu, "rufe wuta". A tsofaffin garuruwan Turai akan kaɗa ƙararrawa da dare, kowa ya rufe garwashin murhunsa don gudun gobara. Chauffeur ma ba direba ba ne a asali, mai hura wa injin tururi wuta ne.

Sai ka duba a bakin wa kalmar ta fi yawa. Sunan dabba a garke, a bakin makiyayi, cow da sheep, na Ingilishi ne. Sunan naman da ke kan faranti, a bakin masu ci a fada, beef da mutton, daga Faransanci ya zo.

A ƙarshe ka tabbatar ma'anar ba ta karkace a hanya ba. A Amurka entrée babban abinci ne, a Faransa kuwa ɗan abin buɗe ciki. 'Yan kallo a Landan kan yi ihun encore in suna so a maimaita waƙa, amma a Paris bis suka saba cewa. In kana da aboki ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, faɗa masa kalmar, ka ji yadda zai mayar maka da ita.