Kurakuran da ake yi a gida da allon hotunan yaron da maganarsa ba ta fito ba

Yaron da ya kai shekara 5 bai wuce 'yan kalmomi ba, ko saboda autizam (larurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane) ko wata larura, yana da abin faɗa kamar kowa. Allon hotuna, katunan hoto da yaro ke miƙawa don neman abu (tsarin PECS da Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro a 1985), alamun hannu na Makaton, ko manhajar da ke furta kalma idan an taɓa hoto, duk hanyoyi ne na fito da abin da ke ransa. Amma a gida ne suke yin aiki ko su ƙare a durowa.

Wasu iyayen tun farko suke ja da baya, wai in an ba shi hoto zai sangarce ya daina ƙoƙarin magana. Nazarin da masu bincike Millar da Light da Schlosser suka wallafa a 2006 kan masu amfani da irin waɗannan hanyoyin bai samu wanda maganarsa ta ragu ba, galibi ma ƙaruwa ta yi, ko da kaɗan ne. Jiran sai baki ya buɗe asarar shekaru ce.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne mayar da allon jarrabawa. "Nuna min kofi. Ina ƙwallo? Taɓa nan mana!" Yaro ya san kofi, ba abin da zai ƙaru da shi in ya nuna, sai ya tsani allon. Ai jariri yakan shafe kusan shekara yana jin magana kafin ya furta kalmar farko. Ta yaya wannan zai iya harshen hoto bai ga kowa na yin sa ba? Ku riƙa taɓawa kuna faɗa. Uwa tana zuba masa ruwa, ta taɓa hoton "ƙara", ta ce "ƙara ruwa", ta ci gaba da hidimarta ba ta nemi ya maimaita ba. Uba da yayye su ma su yi. Makonni na iya wucewa yana kallo kawai, kuma kallon nan koyo ne.

Sai cika allo da sunayen kaya zalla. Yaro ba roƙo kaɗai yake so ya yi ba. A sa masa kalmomin da ke shiga ko'ina: tsaya, tafi, taimaka, gama, ciwo, a'a. In ya taɓa "a'a", a nuna an ji, ko da ba za a biya masa ba: "Na ji ba ka son wanka, amma sai an yi."

Akwai kuma gaggawa. An yi tambaya, kafin ya ɗaga hannu an amsa masa, ko an kama yatsansa an danna. A ƙirga goma a zuci, a yi shiru. Kada kuma a riƙa sauya wa hotuna wuri, don hannu na haddace inda kowanne yake. Sabon hoto ya shiga gurbin da ba komai.

Ƙwace allon don horo kuwa, toshe masa baki ne. In yana ta danna kalma ɗaya, sau da yawa gwaji yake yi, a amsa masa kamar magana ya yi. Masu amfani da na'ura su buga shafin farko a takarda, su rufe da leda, saboda wurin wanka, cikin mota da ranar da caji ya ƙare.