Kurakuran da ke kashe ƙungiyoyin manomanmu a Sudan, da yadda za a gyara su

Tun da Muhammadu Bello Mai Wurno ya sauka da jama'arsa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma tun da aka buɗe noman Jazira a 1925, hannun Bahaushe yana cikin audugar ƙasar nan da dawarta da riɗinta. Ba a taɓa zarginmu da ƙyuya ba. Sai dai wanda ya noma ba shi ke yanka farashi ba. Don haka ake ta kafa ƙungiyoyin taimakon kai daga garin Mai Wurno har Gadarif, amma da yawansu ba sa ganin kaka ta biyu.

Babban kuskure shi ne a kafa ƙungiya ba a san da wa ake kokawa ba. A taru, a naɗa shugaba, a sassaƙa hatimi, sannan a zauna jiran wata munazzama, wato ƙungiyar agaji, ta kawo iri da taki. Alhali abin da ke cin manomi yana cikin garin, sunansa shel. Tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, ga yaro ba lafiya, sai tajiri ya ba ka dawa ko sukari ko kuɗi, da sharaɗin ka biya da buhu idan kaka ta yi, a kan farashin da shi ya yanka tun amfanin yana kore. Mai riɗi ya fi kowa shiga wannan tarko, domin riɗi ba ya jira: in ya nuna ba a yanke shi cikin 'yan kwanaki ba, kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa. Kuɗin 'yan ƙwadago dole a same shi a ranar, kuma tajiri ya san haka sarai. Ƙungiyar da ta san abin da take yi, kuɗinta na farko na waɗannan lokuta biyu ne, yunwar damina da makon yankan riɗi. Ofis da kujeru su jira.

Masu zuwa banki kuma suna sa hannu a takardar salam ba su karanta ba. Salam halal ne, kuma da shi Bankin Noma ya daɗe yana ba manoma jari: a biya ka yanzu, ka kawo amfani daga baya. Amma a tsarin bankunan Sudan akwai sharaɗin da ake kira izalatul gubni, wato idan farashin kaka ya yi wa na takarda nisa sosai, a rage wa wanda aka ƙwara asara. Ku sa wanda ya iya Larabci ya nemo wannan layin ya karanta muku kafin kowa ya dangwala yatsa.

Sai ajiyar kuɗi a akwati. Adashe, wanda maƙwabtanmu ke kira sanduk, yana da amfani in zagayen gajere ne. Amma a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari a 2021, tun kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, mai ɗaukar ƙarshe takarda kawai yake ɗauka. Canjin takardun jine 500 da 1,000 da aka fara a Disambar 2024 ya ƙara nuna haka, domin ta asusun banki aka bi, wanda ba shi da asusu ya sha wuya. Gyaran shi ne dukiyar ƙungiya ta zauna a buhu. A ba da bashin dawa, a karɓi dawa, mudu da mudu, babu riba babu ƙwara. Abin da aka tara a zuba a rumbu ko a matmura, ramin ajiyar nan da mutanen ƙasar suka gada, a fitar da shi lokacin da kasuwa ta yi tsada. Haka ma sayarwa: kowa ya kai buhu biyu uku ranar da kowa ke kaiwa, dillali ne zai yi dariya. Ku haɗa kaya, ku sayi sikelinku, ku san nawa kintari, wato ma'aunin nauyin da ake ciniki da shi, ya kwana a kasuwar amfanin gona ta Gadarif kafin mota ta tsaya a ƙofar gari.

Bankak, manhajar banki ta waya, ya sauƙaƙa tura kuɗi, ba musu. Amma kada lissafin jama'a ya zauna a wayar mutum ɗaya. Da layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024, littafin takarda ne ya yi rana.

Akwai kuskuren da kunya ke jawowa, kuma shi ya fi wuyar faɗa. Ana damƙa jaka ga dattijo ko malami saboda girmansa, daga nan kuma babu mai iya cewa, "Baba, nawa ya rage?" Sau da yawa ba ci ya yi ba, mantuwa ce, ko ya ranta wa wani mabuƙaci bai rubuta ba. Zargi ya shiga, a watse ana gaisawa sama-sama. Girmama dattijo shi ne a raba shi da jaka. Ya zama uban ƙungiya mai sulhu, kuɗi na hannun wani, littafi na hannun wani, mabuɗin rumbu na hannun na uku. Duk wata a karanta lissafi da ƙarfi, da Hausa, a gaban kowa, kuma a sa wa kowane muƙami wa'adi tun ranar farko.

Wa ake gayyata ma abin dubawa ne. A Jazira da Manaƙil an saba ɗaure zama ɗan ƙungiya da mallakar hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi, sai mutanen kambo, wato sansanonin 'yan ƙwadago, waɗanda su ke shuka da cira da tsinka, wasunsu tun kakanni, su tsaya a waje. Ƙungiyar masu gona zalla ba za ta taɓa tattauna ladan ƙwadago da adalci ba, tunda rabin maganar ba ya wurin. Sharaɗin shiga ya zama aiki da zubi, ba fili ba, kuma kowa ƙuri'a ɗaya, mai gonar fadan (kusan eka) hamsin da mai noman sharaka, wato noma a gonar wani a raba amfani. Mata kuwa, masu godogodo da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, su ne kuɗi ke ratsa hannunsu kullum, rani da damina, amma sai a ce mazansu sun wakilce su. Wanda ke shakkar abin da za su iya ya dubi Awadiya Mahmud Koko, wadda ta haɗa mata masu sayar da shayi da abinci a Khartum cikin ƙungiyar haɗin gwiwa don su tsaya wa kamen da ake musu a titi, har Amurka ta ba ta lambar yabo a 2016. Idan zama ɗaya da maza bai yiwu ba, su yi reshensu da jakarsu, su turo wakilai masu ƙuri'a, ba masu kawo shayi ba.

Takarda kuma kada a raina ta. Babban Bankin Sudan ya daɗe da umartar bankuna su ware kashi 12 cikin ɗari na jarin da suke bayarwa ga masu ƙananan sana'o'i, amma ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta da bakin tambaya. Mun san yadda ake wa mutanenmu tambayar asali wajen neman raƙam waɗani, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Shi ya sa ya kamata ƙungiya ta ɗauke shi aikinta: a tafi a jere, da shaidu, da takardun iyaye, maimakon kowa ya je shi kaɗai a maido shi.

Na ƙarshe shi ne gawayi. Da gas ya yi wuya, buhun gawayi ya zama kuɗin hannu, gatari ya hau dakwara, itacen da ake kira hashab. Itacen nan sai ya shekara huɗu zuwa biyar kafin a fara tsaga shi, amma daga nan ƙaro zai yi ta bayarwa shekara da shekaru, yana kuma mayar wa gajiyayyar ƙasa ƙarfinta. Tun 2009 aka cire wa kamfanin ƙaro ikon fitar da shi waje shi kaɗai, saboda haka masu saye sun yawaita. Dokar gandun daji ma ta ce a bar kashi 10 cikin ɗari na manyan gonakin damina ga itatuwa, kashi 5 a na ban-ruwa. Hana mai yunwa sara da baki ba ya aiki. A ba shi bashin dawa daga rumbun ƙungiya, a rubuta a littafi cewa jinginarsa ita ce dakwarar gonarsa ta tsaya a tsaye har ya biya.