Yadda ake zaɓen akodiyan mai maɓallai na hannu

Kafin ka hau mota zuwa Sabon Gari ko ka aika wa ɗan'uwanka na Legas da kuɗi, ka san irin wanda kake nema, domin akodiyan mai maɓallai, wato kayan kiɗan nan da ake ja ana matsewa tsakanin hannu biyu, iri biyu ne. Akwai wanda maɓalli ɗaya ke ba da sauti biyu, in ka ja daban, in ka matse daban. Shi ne ƙarami marar nauyi, kamar Hohner Erica mai layi biyu, maɓallai 21 a dama da 8 a hagu, ko Corona II mai layi uku, 31 da 12. Ɗayan kuwa sautinsa ɗaya ne ko ka ja ko ka matse, ya fi girma, ya fi tsada. Ga mai raka waƙa a wurin biki ko a majami'ar ƙauye inda babu wutar da za a jona fiyano, ni dai mai layi biyu nake cewa a saya. Sai dai ka tambayi a wane ki, wato matakin sauti, aka ƙera shi, G da C ne ko C da F, don ƙaramin ba ya shiga kowane ki. Ka je da mai waƙarku ya rera a ji ko muryarsa ta zauna a ciki.

To, ga su nan an jera maka biyu ko uku. Yaran da nake gani a nan wajenmu ta Ringim, da sun hango mai launin ja yana ƙyalli shi ke nan, hankali ya tafi. Kai fara da hanci. Buɗe akwatin ka sunsuna. In ka ji warin fumfuna, ya sha damshi, kuma damshin da ya ci kwali da fata ya riga ya sa wa ƙarafunan ciki tsatsa. Ajiye shi ko nawa aka ce.

Sai gwajin iska, wanda a nan ne kuɗin mutane ke nutsewa. Tsakiyar akodiyan zuga-zugi ne kamar na maƙera, an yi shi da kwali da ƙyalle da fata a kusurwoyi. Kwance maɗauransa, riƙe gefe ɗaya sama, kada ka taɓa maɓalli ko ɗaya, ka bar nauyin ɗaya gefen ya ja shi ƙasa. Mai lafiya a hankali yake buɗewa, har ka ƙosa. Ni in ban ƙirga zuwa 30 ba ya gama buɗewa, na fara rage kuɗi. In kuwa ya zube nan take, iska na tsiyaya. Mai kaya zai karɓa ya kaɗa maka da ƙarfi don ka ji yana da amo. Kada ka yarda, domin jan ƙarfi yana rufe yoyo. Karɓe abinka ka matse shi a hankali kusa da kumatunka, kana bin kusurwoyi ɗaya bayan ɗaya, za ka ji inda iska ke hurowa. In a mahaɗar zuga-zugi da katako ne, wannan ƙaramin aiki ne, shimfiɗar da ke tsakani ce ta mutu. In kusurwa ɗaya ce ko biyu, baduku mai haƙuri zai liƙe da fata marar kauri. Amma in kwalin ne ya kakkarye a ninki da dama, sabon zuga-zugi ke nan, daga waje za a yi odarsa, kuma kuɗinsa na iya haura abin da ka biya. Araha ba ta ado. Haka kuma in kana matsawa ka ji wani sauti na kuka alhali ba ka danna komai ba, murfin maɓallin ne bai zauna ba.

Yanzu ka girgiza shi a kunnenka. In wani abu na ƙwal-ƙwal a ciki, harshe ne ya faɗo. Sautin akodiyan daga 'yan harsunan ƙarfe yake fitowa, an kafa su a kan faranti, an manne farantin a katako da kakin zuma haɗe da ƙaro. Tsohon kaki bushewa yake ya tsattsage, zafin bazararmu kuma sai ya narkar da shi in an bar kayan a rana ko a but ɗin mota. Roƙi mai kaya ya zare 'yan ƙusoshin da ke riƙe zuga-zugin ka haska da fitilar waya. Ka duba tsatsa, ka duba 'yan fatun da ke kwance kan harsuna ko sun nannaɗe. In ka ga an liƙa da sufa gulu ko kakin kyandir, wani gwanin ƙarya ya riga ka shiga. Wanda ya hana a buɗe, bar masa kayansa.

Daga nan ka bi maɓallai duka, kowanne ka ja ka matse, a hankali sannan da ƙarfi. Kada ka yi kasala: mai maɓallai 21 da murya biyu, wato kowane maɓalli harsuna biyu in ka ja, biyu in ka matse, harsuna 84 gare shi a dama kaɗai, kuma gyaran sautin kowanne sai an kankare shi da hannu, aikin da mai gyaran rediyo ba zai iya ba. Biyu ko uku da suka yi shiru, sau da yawa ƙurar hunturu ce. In rabin layi ne ya karkace, haƙura.

Suna kuwa ba ya hana tsufa. Hohner da Weltmeister na Jamus ne, na Italiya galibi daga garin Castelfidardo suke, amma ɗan Sin da ke riƙe iska ya fi ɗan Jamus mai yoyo. Maɗaurin kafaɗa da ya tsinke kada ya dame ka, dukawa za su ɗinka maka, sai dai ka sa shi cikin ciniki. In ka kawo shi gida, ka ajiye shi cikin akwatinsa a kan tebur, nesa da bango saboda gara, kuma ba a ɗakin da kwano ke gasa shi da rana ba.