Bikin 1 ga Oktoba a Agege, ba banga

Ana saura kwana biyu nake sayo ƙananan tutoci, kore-fari-kore, in raba wa yaran layinmu. Kai ma fara da nan. Ka sanar da dattawan unguwa, a kafa rumfa, mata su ɗora dafa-duka, a sanyaya zoɓo. Samo tsohon da zai ba yara labarin samun 'yancin kan Najeriya a 1960, ko da zai ƙara gishiri.

Banga kuwa, wato abin wasan wutan nan mai fashewa da ƙara, kar ka saya. 'Yan sandan Legas sun sha haramta ta, musamman a ƙarshen shekara. Ban manta gobarar kasuwar Jankara ta Legas ba, 26 ga Disamba 2012, daga ɗakin ajiyar banga ta tashi. Gidajenmu a manne suke, ga jarkar fetur ta janareta kusan kowace ƙofa. In yara sun matsa, ba su usur da balan-balan.